Gambar Woru

Shin Woru ya ga hayaƙin tun tasowarsa, ko kuwa sai da matarsa ta nuna masa? Har yau ban sani ba, ko da yake tare muka tashi da shi a ƙauyenmu na ƙasar Bargu. Abin da na tabbatar shi ne yana zaune a gindin kaɗanya yana wasa lauje, fuskarsa na duban titi, lokacin da matar tasa, Bake, ta fito da taɓarya a hannu.

"Maigida, waccan ba wuta ba ce a kwanar titi?"

"Da alama."

"Wace irin alama? Gonar ƙanenka ta nufa!"

"Ai shi mutumin titi ne. Ya buga waya a turo masa motar ruwa daga Nikki."

Ranar rabon gado, Woru ne ya fara zaɓe, don shi ne babba. Ya ɗauki ƙasar ciki mai laushi, inda doya ke kai kaurin cinya, ya bar wa ƙanensa Sabi tsandaurin bakin daji. Sabi ya dasa yazawa, don ba abin da zai yi a wurin sai ita. Sai ga kwalta an shimfiɗo ta ta gefen tsandaurin. Yanzu Sabi na da shago da babur da rufin kwano, manyan motoci na tsayawa a ƙofarsa. Woru kuwa sai ya turo doyarsa a keke, ya nemi inuwa a rumfar ƙanensa ya kasa ta.

Amma titin bai zo shi kaɗai ba. A da sau ɗaya wuta ke ci a shekara, ranar da dattawa suka sa, ciyawa da sauran danshinta. Yanzu direba ya yar da guntun taba, mai suyar wara ta zubar da garwashi, masu gawayi su bar rami yana ci. Can ciki, inda Woru ke noma, an daɗe ba a ga wuta ba. Kowace gobara daga bakin kwalta take tashi.

Tsakanin kwanar da yazawar Sabi akwai wani zirin fili na Woru, cike da gamba da ta ɗara mutum tsawo. Da kaka Sabi ya zo ya durƙusa.

"Yaya, a ƙone gambar nan tun tana ɗanya. Zan saya maka ciyawar jinka."

"Kai za ka saya mini? Na gode, mai kwano. Gambata tana nan inda take."

A wurinmu ba a kunna wuta a ƙasar wani, balle ta babban wa. Wanda ya yi haka, ba mai ƙara sa hannu a akushi ɗaya da shi.

Bake ta jingine taɓarya, ta ɗaura ɗankwali. "In ba za ka ba, ni zan je. In an tambaye ni, in ce ciwon ido ke damunka tun ranar da Sabi ya sayi babur."

Woru ya miƙe. Bai yi sauri ba.

Ya tarar da maza riƙe da ɗanyun rassa, mata da bokitai, shirwa na shawagi bisa hayaƙi. Wutar ta riga ta kama bakin gambar ta can, tana ruri, iska na turo ta. Yazawar ta cika da fure, ƙamshinta har cikin ƙauri. Dabara ɗaya ta rage, a kunna gambar daga nan gefen, wuta ta je ta tari wuta. Sabi na tsaye da kwalin ashana, mutane na ta yi masa tsawa.

"Kunna mana, Sabi! Yau ba ranar kunya ba ce!"

"Ba tawa ba ce," in ji shi.

Woru ya tsaya a bayansu yana duban itatuwan. Ba sai ya yi kome ba. Tsayuwa kawai, gobe da safe shi da ƙanensa sun zama ɗaya. Ba zan ce tunanin bai yi masa daɗi ba.

Sai Sabi ya waiwaya ya gan shi. Woru ya gyara tsayuwa, yana jiran roƙo, a gaban kowa. Sabi ya mayar da ashanar aljihu.

"Yaya, matsa baya don Allah. Hayaƙin nan zai tayar maka da tarinka."

Wani dattijo a gefe ya girgiza kai. "Kai, wannan yaro ɗan halak ne."

Maganar ta soki Woru fiye da ƙarar babur, fiye da ƙyallin kwano. Titi na Sabi, shago na Sabi, yanzu kuma yabon gari ma zai tafi da shi, a bar Woru da suna mai gamba har jikokinsa.

Ya ture mutane ya wuce gaba, ya miƙa hannu.

"Ba ni."

Sabi ya ba shi. Woru ya juya kwalin, sabo fil, irin na shago.

"Ko ashanarka ma ta fi tawa," ya ce.

Ya tsuguna a gindin gambarsa, ya kare iska da tafin hannu, ya ƙyasta.