Sukudireban Badamasi

Ƙanena Badamasi ya yi wata shida a Kano yana koyon gyaran waya, ya dawo Haɗeja da akwatin sukudireba talatin da biyu, ya buɗe shago, ya ce a riƙa kiransa Injiniya.

Mahaifinmu, Malam Inuwa, shi ke raba ruwa a fadamar Guri. Manoman shinkafa shida, inji ɗaya, kowa awa biyu. Shekara goma sha tara da tsohon agogonsa ake yanke lokaci, irin wanda motsin hannu ke ba shi wani. Baba kuwa shi ne na ƙarshe a layi, abin da ya rage kafin magariba shi ne rabonsa.

Da agogon ya fara tsayawa, na ce a kai wa Garba mai agogo. Badamasi ya kwashe da dariya.

"Haba Yaya Suwaiba! Mutumin da kayan aikinsa sukudireba uku ne da hantsakin tagulla?"

Ya zaɓo mafi ƙyalli a akwatin, ya goga bakinsa a maganaɗisun tsohuwar lasifika, yadda masu gyaran waya ke yi don ƙananan kusoshi su manne. Yana kwance agogon da shi yana kallona, wai in ga ilimi.

Agogo ya tashi, har da gudu. Kowace awa sai ya ci minti biyar. Kwana huɗu manoma na duba wayoyinsu suna haɗiye magana, a na biyar Tasi'u, mai gonar farko, ya faɗa a gaban kowa: ana gutsure musu ruwa, rarar tana gangarawa gonar Baba.

Da na kai wa Garba agogon, bai ko ɗaga murya ba. Ya kara allura kusa da injin agogon, ta manne.

"Wane ne ya taɓa shi da ƙarfen maganaɗisu?"

Minti biyu ya cire maganaɗisun da ya kama injin. Da na koma gida na ce gobe Badamasi zai tsaya gaban manoman nan ya faɗi abin da ya aikata.

Baba ya ce a'a. "In aka ji, wa zai ƙara kai masa gyara? Ni na kusa gamawa. Bar su su ce na ci ruwa."

Na juya ga Injiniya, ina jira ya yi musu.

Ya ce, "Gaskiya Baba ya fi mu hangen nesa."