Wadar Giginyar Baba Mai Agogo

Ɗan taɓawa kawai na yi, sai tohon tsakiyar giginyar ya zare ya biyo hannuna, gindinsa baƙi, yana wari. A daidai lokacin na ji tsayuwar mota a ƙofar gida. An dawo da maƙwabcinmu, Baba Mai Agogo, daga asibiti.

Shekara tara yana rainon wannan giginya a tsohon baho, a ɗan tsakar gidansa da bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Wada ce, ko ta tsufa ba ta wuce ƙugun mutum, ganyenta kamar mafici. Wani matuƙin babbar mota ne ya kawo masa ƙwallonta, kuma kaf unguwar babu mai irinta. Ranar da za a kwantar da shi, ni ya bar wa amanarta.

"Kofi biyu a mako, 'yata. Kada ki ƙara."

Na ce to, amma a raina na ce tsohon nan har ruwa ma yana yi wa rowa. Ni da ba na son a ce na gaza, kullum sai na juye mata bokiti guda. Duk zuwana dubiya sai ya tambaya, "Ya mutuniyar?" Ni kuwa har da bugun ƙirji: "Tana shan gata, Baba."

Da jin tsayuwar motar nan, da sauri na mayar da tohon cikin raminsa, na danna.

'Yarsa da jikansa suka shigo riƙe da shi, duk ya zabge. Ya ƙi wucewa ɗaki.

"Ku kai ni wajenta tukuna."

Suka zaunar da shi a kujera. Ya daɗe yana kallonta. Ya tura yatsa cikin ƙasar bahon, ya zaro shi jiƙe da caɓo. Tohon kuwa bai taɓa shi ba.

"Kin sha ɗaukar ruwa, 'yata," ya ce. "Sannu. Allah ya yi miki albarka."

Da ma zagina ya yi. Na buɗe baki in nemi gafara, 'yarsa ta ce ya gaji, a bar shi ya kwanta. Na ce gobe na faɗa masa. Goben bai gane kowa ba, bayan kwana biyu ya rasu. Har yau abin yana cina.

Bayan an watse daga zaman makoki, na shiga ɗauko tabarmina. Na tarar da 'yarsa durƙushe gaban bahon, tana tsiyaya wa giginyar ruwa a hankali, tana share ƙurar ganyen da gefen mayafinta.