Dutsen Maman Yara

Baba Mai Fenti a kan tsani ya tsufa. Bai taɓa barin bango da sawun burushi ba, shi ya sa da ya shiga ajin koyon zane da fentin mai ya ɗauka wasan yara ne.

Gardama ce ta kai shi. Matarsa ta daɗe tana ba da labarin dutsen da ke bayan gidan da ta tashi, shi kuma ya bugi ƙirji ya ce zai zana mata shi.

"Na ji," in ji ta. "In na gane shi, bangon falo naka ne. In ban gane ba, ka bar ajin nan, in huta da wankin riguna."

Malamar ajin sa'ar 'yarsa ce, mai haƙuri. Ta koya masa ya fara da sama, sannan duwatsun nesa da shuɗi mai haske, na kusa kuma da launi mai duhu. Duk ya bi. Hannunsa ne ya ƙi. Da ya ɗora fenti sai ya koma ya shafe, sama da ƙasa, har ko'ina ya yi sumul. Fentin mai kuwa ba ya saurin bushewa. Shuɗi ya shiga ruwan ƙasa, fari ya bi su, dutse ya koma taɓo.

"Baba, wannan kuma mene ne?"

"Shafi na biyu, Malama. Aiki ba ya kyau da shafi ɗaya."

"Wannan ai na bakwai ne! Daga yau, in ka ɗora sau ɗaya, ka kai hannu baya, ka ja har bakin ƙofa ka duba."

Haka ya riƙa yi, yana gunaguni. Ya ɗora, ya ja da baya, yatsunsa na ƙaiƙayi. Daga kusa abin kamar kaji sun bi ta kan ƙyallen da yake zanen a kai. Amma daga bakin ƙofa, wata rana, sai ya ga dutse tsaye, rana na dukan kafaɗarsa. Ya kasa haƙuri. Ya ɗauko zanen ɗanye ya nufi gida, yana riƙe da gefensa kamar mai ɗauke da miya cike da kwano.

Ya jingine shi a kan kujera a falo. "Maman yara, tsaya daga can! Kada ki matso."

Ina! Ta sa tabarau, ta taho har hancinta na neman taɓa fentin.

"Kai da ka yi wa mutane bango kamar madubi, ni ce za ka kawo wa wannan kaca-kaca?"

Ya kama gefen mayafinta ya ja ta baya a hankali, har ƙofar kicin. Ta buɗe baki za ta ƙara, sai idonta ya sauka kan dutsen. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta nufi zanen da sauri, ta dangwala yatsa a gindin dutsen, ta ja shi sama.

"Ta nan muke hawa! Ni da yayata, mu tsinko..."

"Wayyo! Bai bushe ba!"

Ta dubi yatsanta, ta dubi layin da ta bari, ta goge a hannun rigarsa.

"To ai ka manta hanyar ne, na sa maka. Tashi ka sauke agogon nan, ka nemo ƙusa mai ƙarfi."