Taku Ashirin Kowace Safiya

Shekara goma sha tara Baban Gwara ya yi yana aiki a sashen tsuntsaye na gidan namun daji, kuma ba dawisu ko jimina ne suka jawo masa wannan suna ba. Gwara ba sa cikin dabbobin gidan. Ba wanda ya kawo su, ba wanda ke zuwa kallonsu. Amma kowace safiya, idan ya gama sharar keji, sai ya tattara tsabar da ta zube, ya zauna a kan wani dutse a gindin shingen ƙarshe, ya ƙwanƙwasa gwangwaninsa sau uku. Kafin ya sauke hannu sun rufe ƙasa. Akwai wani tsohon kasko da ya ajiye musu a ƙarƙashin famfo mai ɗiga, don sha da wanka.

A bayan wannan shingen ne aka gina wa wasu tsuntsayen ruwa, fengwin, tafkin siminti. Guda shida aka kawo daga can inda teku ke da sanyi. Ba sa tashi, tafiya suke a tsaye, baya baƙi, ƙirji fari. Ranar da ya fara ganinsu ya ce ai lauyoyi aka sauke, sunan kuwa ya bi su. Shi ke ba su kifi. Ya san wanda ke haɗama da wanda sai an lallashe shi.

Wata Talata babban lauyan ya ƙi kifi. Ya koma lungu ya tsaya, baki a buɗe. Laraba da hantsi ya mutu.

Likitar gidan sa'ar 'yarsa ta biyu ce. A gaban mutane Likita yake ce mata, in su biyu ne kuwa 'yata. Ta ɗebi jinin sauran biyar ɗin, sannan ta roƙe shi ya kama mata gwara biyar. Ya kama, ba da son ransa ba. Ta tsikari kowanne a ƙarƙashin fiffike, ta sake shi.

Bayan kwana biyu ta kira shi ɗakinta. Firji na gurnani a kusurwa, ga 'yan gilasai siri-siri jere a kan tebur, kowanne da shafin jini da aka rine. Ta sa shi ya runtse ido ɗaya ya leƙa madubin nan mai girmama ƙananan abubuwa. Ya ga ƙwayoyi kamar an watsa 'ya'yan kankana, wasu da ɗan baƙin tabo a ciki. Ta ce wannan jinin mamacin ne, tabon kuwa ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ce, amma irin ta tsuntsaye. Ta canza gilashi. Tabon dai ne.

“Wannan kuma na wa?”

“Na mutanenka, Baba. Uku cikin biyar.”

Ya ce ba zai yiwu ba. Wannan safiyar ma sai da suka yi dambe a kan tsaba, mai zazzaɓi ba ya dambe.

Ta jawo masa kujera. Ta ce ai nan maganar take. Kakannin gwara tun fil'azal tare suke da sauro. Waɗanda jininsu bai iya da ƙwayar ba sun mutu tun can, waɗanda suka jure su suka yi ƙwai, haka aka yi ta tacewa har aka iso kan waɗannan nasa. Suna ɗauke da ita kamar yadda mutum ke ɗauke da tsohon tabo. Su kuwa lauyoyi, kakanninsu a bakin teku suka zauna, cikin iska da sanyi, inda sauro ba ya da wurin zama sosai. Jininsu bai san wannan baƙon ba, sai ya buɗe masa ƙofa har ɗaka. Ta buɗe wani littafi da ta zana tsuntsayen gidan reshe-reshe, dangi kusa da dangi, ta nuna masa yadda 'yan reshe ɗaya ke yawan kamuwa iri ɗaya, su jure iri ɗaya.

“Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi ke nan,” in ji shi.

“Har ciwon gidansu, Baba.”

Sauro ne ɗan aike, ta ce. Ya ciji gwara a wannan gefen shinge, ya tsallaka ya ciji lauya. Suka fita tare ta ɗaga kaskon nan. A cikin ruwan da ya kwanta ƙarƙashinsa tsutsotsin sauro na ta wutsil-wutsil. Baban Gwara ya daɗe yana kallonsu. Shi ya kife kaskon da hannunsa, shi ya nemo mai gyaran famfo.

Manaja ba mugu ba ne, mutum ne mai son a gama magana. Ya ji bayanin Likita: za a lulluɓe tafkin da raga, a sa fanka don korar sauro, a riƙa cusa wa lauyoyi magani a cikin kifi. Ya yarda da duka. Sannan ya ƙara nasa. Mako biyu ya bayar. In ya dawo ya tarar da taron gwara a shingen nan, zai sa a barbaɗa musu guba a tsaba. Likita ta ce rage su a wurin zai taimaka, amma ba sai an kashe ba. Manaja ya ce to wanda ya tara su ya watsa su.

Washegari Baban Gwara ya ɗauki gwangwaninsa ya tafi can bakin ƙofar baya, wurin maigadi, inda rana ke duka kuma ruwa ba ya kwanciya. Ya ƙirga, taku ɗari biyu da arba'in ne daga shingen. Ya ƙwanƙwasa sau uku. Ba ko ɗaya. Daga nesa yana jin su a kan shingen lauyoyi suna ta tsiwa kamar an hana su gado. Rana ta biyu ma haka. Maigadin, wanda ake kira Dogo don duk gidan ba wanda ya kai shi gajarta, ya ce masa ya gwada rubuta musu takardar gayyata.

Da yamma ya koma gida ya zauna a kujerarsa ta roba a tsakar gida, ya ƙi cire takalmi. Matarsa na ninke wanki. Shekara talatin da ɗaya suna tare, ta san shirun yunwa, ta san na damuwa. Ta bar shi sai da ya faɗa da kansa. Da ta gama ji ta yi dariya har rigar hannunta ta faɗi.

“Maigida, ina kujerar nan take bara?”

Ya ce nan take, ina za ta?

“A bakin ƙofar kicin take. Shekara nawa ina tsallake ƙafafunka da tukunya a hannu? Na ce ka matsa, ka ce nan ka saba. Sai na bar magana. Kullum in na zo shara in ja ta tafin hannu ɗaya. Wata uku na yi.”

Ya juya ya dubi ƙofar kicin. Tana can, taku shida daga inda yake. Ya dubi tagar da yake zaune ƙarƙashinta, wadda da zai rantse tun da suka tare a nan yake zama.

“Ke tsohuwa, ashe haka kike kiwona?”

“Har ka ce nan ya fi iska.”

Saura kwana goma sha biyu. Ya raba a ransa, taku ashirin kowace safiya. Bai canza lokaci ba, bai canza riga ba, bai canza bugun gwangwani ba. Ya koma kan dutsensa, ya ƙirga ashirin, ya tsuguna ya ƙwanƙwasa. Suka ɗan yi shawara a kan shinge, sannan wani mai karkatacciyar jela ya sauko, saura suka biyo. Ruwa kuwa a faranti yake kawowa yanzu, suna gama sha ya zubar ya kife.

Haka aka yi ta tafiya. Suka wuce kejin aku, aku ya koyi bugun gwangwani ya riƙa ruɗa su, sai da aka juya kejinsa. Suka wuce rumbun abinci. Rana ta biyar aka yi ruwa, rabinsu suka koma tsohon wuri, dole ya ja baya taku goma, ya biya bashin a kwana biyu na gaba. Gwiwarsa ta hagu ta fara ƙorafi. Ma'aikata suka mayar da abin kallo, mai yankan ciyawa har alli ya samo yana ja masa layi a ƙasa. A can baya kuwa raga ta hau, fanka biyu na juyawa, kuma kowace safiya kafin ya fita shi ke tura ƙwayar magani cikin bakin kifi, ya tsaya sai ya ga kowane lauya ya haɗiye nasa. Ƙaramar cikinsu ta yi kwana uku tana yanga da abinci. Ran na huɗu ta fizge kifin har da yatsansa. Ya tsotse jinin yana murmushi.

Ranar ƙarshe ya iso ƙofar baya. Ya ƙwanƙwasa sau uku, ƙasa ta rufe. Dogo ya janye bencinsa yana mita, wai shi aka kawo wa baƙi ba a tambaye shi ba, amma an ga ɓarɓashin burodi a aljihunsa.

Da hantsi Manaja ya zo, Likita na biye. Suka tsaya a gaban shingen. Lauyoyi biyar na ninƙaya a cikin raga. A kan shingen kuwa gwara ɗaya ne tak, mai karkatacciyar jelar nan. Ya je ya ci a ƙofa ya dawo, yana gyaran gashi.

Manaja ya nuna shi da makullin mota. “Wancan fa?”

Baban Gwara ya dubi Likita. Likita ta ce guda ɗaya ba taro ba ne, kuma ragarta ba ta da ƙofar da sauro zai bi. Manaja ya dubi tsuntsun, ya dubi tsohon, ya ce kowane gida da mai taurin kansa. Ya wuce sashen birai.

“Na gode, 'yata.”

“Ni jini kawai na duba, Baba. Wa ya koya maka dabarar?”

Ya ce a gida ya gani.

Da yamma ya shiga tsakar gida, ya tsaya a gaban kujerarsa kafin ya zauna. Ya duba ƙasa. Ga sawun ƙafafunta huɗu a kan siminti, tafin hannu ɗaya daga inda take. Matarsa na kicin, ta ba shi baya, tana ta wanke kwanon da ya riga ya fita. Ya auna da ido inda aka nufa da shi. Inuwar bango ce, kusa da tabarmarta.

Ya cire takalmi ya zauna.