Ɗaurin Bahago

Bangon ɗakin Inna ya fara danshi a tsakiyar bazara, lokacin da ko kare ba ya samun inda zai jiƙa harshe a Maradi. Yaɓe sai zubowa yake kamar garin tuwo. Gidan nan na Sabon Gari shi kaɗai iyayenmu suka bar mana, ni da ƙanena Jibo, kuma a ɗakin nake kwana.

Jibo lambu yake yi a Jiratawa, gyaran tiyo ba baƙonsa ba ne. Shi ne ma ya ja mana ruwa zuwa makewayi bara. Na aika masa ya zo, ya dafa bango, ya girgiza kai.

"Yaya Rahmatu, ba tiyo ba ne. Ruwan ƙasa ne, gidanga ya gaji. Mu saida ma Alhaji Maliki tun bai hwaɗo miki ba."

Alhaji Maliki maƙwabcinmu ne, ya daɗe yana son ƙara faɗin magazansa na ajiyar kaya. Na sha korar ƴan aikensa. Amma ranar jikina ya yi sanyi, har na fara tunanin komawa Tsibiri wurin ɗiyata. Wa zai ƙi maganar ɗan'uwansa?

Abu ɗaya ya hana ni sakat. Na rufe robine duka, ba famfon da ke zuba, na je na tsuguna gaban kwanta, mitar ruwa, sai ga allura tana tafiya abinta. Ruwan ƙasa dai ba ya bi ta kwanta, ko ni da ban yi karatun lakwal ba na san wannan.

Na kashe ruwa daga tushe, na ɗauki fartanya na bi laima. Ban yi nisa ba na tarar da tiyon a gindin bango. An huda shi da ƙusa, huji a jere kamar na sarewa, duk suna kallon harsashin ginin. An naɗe wurin da robar taya sako-sako, don ruwa ya riƙa tsatsafowa ba tare da ƙara ba.

Na tsaya ina kallon naɗin. Daga hagu ya taso, ya koma hagu, aka cusa wutsiyar ta ƙasa. Bahago kaɗai ke ɗaure abu haka, kuma bahago ɗaya na goya a bayana, ƙanena Jibo. Wallahi da Alhaji Maliki ne, da dariya zan yi. Zama na yi cikin taɓo na yi kukana ya ishe ni.

Sannan na sayo guntun tiyo da kol na liƙi a bakin kasuwa, na yanke ruɓaɓɓen wurin, na haɗa. Bai yi kyau ba, amma ko ɗigo babu.

Ran Juma'a Jibo ya shigo da kwandon albasa.

"Yaya, kin yanke shawara? Alhaji na jira hwa."

"Miƙo hannu."

Ya miƙo na dama.

"Ba wanga ba."

Ya miƙo na hagu a hankali. Na ɗora masa robar, har yanzu tana murɗe yadda ya bar ta. 

"Ka tuna sadda Baba ka bugun hannunga in ka sa shi cikin akushi? Ni ka tare maka, bulalar ta sauka bisa nawa."

Ya buɗe baki, na nuna masa ƙofa. Albasar ma na ce ya tafi da abarsa.