Sai Damina

Tun da suka fito daga gida Auta take neman inda za ta saka maganar, Yaya kuma yana ta zille mata kamar sabulu a jiƙaƙƙen hannu.

Maganar ba ta da tsawo. Tun ranar da ɓarin jikin Inna ya shanye, Auta ce wanka, ita ce wanki, ita ce juya tsohuwa a kan katifa don kada bayanta ya yi gyambo. Ƙawayenta sun yi aure, sun haihu, sun daina kiranta biki. Yanzu ga shi an ɗauke ta aikin koyarwa a wata makarantar kwana, da ɗaki ɗaya a saman bene, kuma shugabar makarantar ta faɗa mata ba ɓoye-ɓoye: in ba ta zo ranar Litinin ba, akwai masu jira. Shi ya sa ta kwaso Inna da kekenta da jakar magunguna zuwa garin Yaya, babban ɗan Inna, mai gida da 'yar aiki da ɗakunan da ba kowa a ciki sai labule.

"Yaya, maganar nan fa."

"Haba Auta, daga zuwanku? Inna ba ta taɓa ganin teku ba. Yau yawo za mu yi, magana ba guduwa za ta yi ba."

"Ki bar Babana ya yi tuƙi," in ji Inna daga kujerar baya. Da gefen baki take magana tun da ciwon ya same ta, amma in faɗa za ta yi wa Auta, kalmomin tar suke fita.

Matar Yaya, wadda Auta ke kira Anti, ta sauke gilashin motar, ta toshe hanci da bakin mayafi, ta ce zafi ne ya dame ta.

Da gidan tarihin jiragen ruwa suka fara. Akwai anga, ƙarfen da ake tsayar da jirgi da shi, mai girman ɗaki, da igiyoyi masu kaurin cinya, da wani tsohon jirgin katako da aka rataye a rufi. Auta ba ta ga rabinsu ba, tana fama da keke a tsakanin akwatunan gilashi. Duk sanda Anti ta ɗaga waya, sai Yaya ya matso.

"Kawo, kawo in tura uwata."

Ya kama hannun keken, ya kwantar da kumatunsa a kan ɗankwalin Inna. Anti ta ce, "Auta, ɗan matsa, kina shiga." Da an ɗauka sai ya saki keken ya ciro wayarsa.

A nan ne Inna ta ɓata jikinta. Banɗakin wurin bai ɗaukar keke, sai da Auta ta rungume ta ta ja ta ciki, ta tsugunna a kan jiƙaƙƙen tayil ta gyara ta, mata na ƙwanƙwasa ƙofa suna tsaki. Da suka fito, Yaya da Anti na zaune a inuwa suna shan lemo.

"Kun daɗe," in ji Anti. "Har ƙanƙarar naki ta narke, na ba wa mai shara."

Daga nan suka bi titin bakin teku. Masu sayar da kwanson ƙumba da sarƙoƙi sun baza kaya, masu hoto na bin mutane, iska na ƙamshin gishiri da man jirgi. Auta ta tsaya a bakin katanga ta leƙa. Rairayi ta gani, shimfiɗe har iya ganinta, jiƙaƙƙe yana ƙyalli, ga kwale-kwale kwance a gefensu kamar jakunan da suka gaji. Can nesa ne aka ja wani farin zare.

"Ina tekun?" ta ce.

"Ya janye," in ji Yaya.

Auta ta gyaɗa kai. Wannan ta san shi. Kogin garinsu ma haka yake yi: ya janye, a yi ta tafiya a cikinsa da ƙafa, yara su buga ƙwallo, masu bulo su kwashi yashi har ruwan sama ya sauko.

"Ashe ba mu zo a sa'a ba. Sai damina ke nan."

Anti ta fashe da dariya har tana riƙe katanga. Ta dubi mijinta, idonta da ƙwalla. "Ka ji malamar makaranta?"

Yaya ya danne murmushi. "Sai damina, Auta. Sai ki dawo."

"To mene ne abin dariya?"

"Babu komai, ƙanwata. Iskar teku ce take sa ta."

Shi da kansa ya karɓi keken ya gangara da shi ta hanyar da masunta ke jan kwale-kwale. Ya tura, ya tura, har suka bar busasshen yashi, suka wuce jiragen da ke kwance, suka kai inda ƙasa ta yi tauri da sanyi. Anti na biye tana ɗaukar bidiyo.

"Ga teku, Inna. Ni na kawo ki."

"Allah ya yi maka albarka, Babana."

Ya taka birkin keken da ƙafa, ya nuna wata doguwar hasumiya mai fari da ja a ƙarshen gadar duwatsu, wadda ake kunna wa jirage fitila a kanta.

"Auta, mu hau can. Daga sama ake ganin garin duka."

"Inna fa?"

"Keke zai hau matakala ne? Ta sha iska a nan, yanzu za mu dawo." Ya rage murya. "Maganarki ba ta gaban Inna ba ce. A sama za mu yi ta."

Wannan ce ta karya ta. Ta cire gyalenta ta ɗaure Inna da jikin keken ta ƙugu, yadda take yi kullum don kada ta zame, ta ƙulle ta baya. Ta gyara mata koren mayafinta ya kare mata rana.

"Ki tafi mana," in ji Inna. "Kin tsaya a kaina kamar mai jiran gado."

Matakalar hasumiyar a murɗe take, ƙunci da duhu, ga layin mutane a gaba. Suna kaiwa sama iska ta buge su. Yaya ya shiga nuna mata tashar jiragen ruwa, da manyan ƙugiyoyin da ke ɗaga kwantena, da unguwar da yake shirin sayen fili. Ya nuna mata gidan kifaye, ya ce gobe sai can. Auta ta sha gabansa.

"Yaya, Litinin zan fara aiki. Inna za ta zauna a wurinka."

"Wa ya yanke haka?"

"Ba uwarka ba ce?"

"Uwata ce, kuma ba na wasa da ita. Wa ya sayi keken nan?"

"Keke! Ka taɓa wanke mata—"

"Kada ki yi min rashin kunya a cikin mutane." Ya gyara hula. "Antinki tana da ciwon baya. 'Yar aikinmu kuma ƙyanƙyami gare ta, in ta gudu wa zai samo mana wata? Ke kin saba. Hannunki ya faɗa."

"Rayuwata fa?"

"Wace rayuwa? Alli da allo? Ke ko miji ba ki da shi, me ya hana ki zama?"

Anti, da ke jingine da ƙarfen baranda tana gyara hotuna, ta ɗaga kai ta leƙa ƙasa.

"Af," ta ce. "Maigida, ruwa fa ya dawo."

Auta ta juya. Rairayin nan da suka taka babu shi. Kwale-kwalen da ke kwance duk sun miƙe suna rawa. A tsakiyar farin kumfa akwai ɗigo ɗaya kore.

"Ba kun ce sai damina ba?"

"Ke ba ki san wasa ba?" in ji Anti. "Kullum sai ya tafi ya dawo, ko yaron goye ya san wannan."

Auta ba ta ji ƙarshen ba. Ta faɗa matakala tana ture mutane, wani ya zage ta, wata ta riƙe mata riga, ta fizge. Takalminta ɗaya ya tsinke a gadar duwatsu, ta jefar da ɗayan. Ta dira cikin ruwan, sanyinsa ya sare ta a gwiwa, sannan a cinya. Ba ta iya iyo ba. Ba ta tuna ba ta iya ba.

Ruwa ya kai wa Inna ƙirji. Bakinta a buɗe yake, amma ba abin da ke fita, hannunta mai lafiya na dukan iska. Auta ta laluba birki da ƙafa ta saki, ta ja keken. Ko motsi bai yi ba, tayoyin sun nutse a yashi. Ta koma kan ƙullin gyalen. Ya jiƙe ya ɗame, farcenta ya karye a kai. Igiyar ruwa ta zo ta rufe su duka biyu, ta wuce. Inna ta fito tana tari. Auta ta nutsa kai cikin ruwan ta kama ƙullin da haƙori, ta ja har ta ji gishiri da jini a bakinta. Ya saki.

Ta juya baya ta jawo tsohuwar kan gadon bayanta. Ruwan da ke komawa yana jan ƙafafunta, yashi na zamewa ƙarƙashinsu. Ta faɗi a kan gwiwa, ta tashi. Ta sake faɗuwa. Tana jin ihun mutane a gaba, tana bin ihun.

Yaya yana bakin ruwa. Ya cire takalmi ya ajiye a kan dutse, ya naɗe wando. Da ruwan ya rage iya idon sawu sai ya shigo da gudu yana salati, ya ɗauke Inna daga bayan Auta, ya fita da ita a hannu biyu. Wayoyi suka tashi sama. Wata mata ta fashe da kuka tana sa masa albarka.

Auta ta rarrafo ta zube a yashi tana amai. Da ta ɗaga kai, mai gadin bakin tekun ne a tsaye, da usur a wuya.

"Wane marar imanin ne ya bar tsohuwa a can? Har da ɗaure ta!"

Mai gadin ya durƙusa gaban Inna. "Baba, wa ya kai ki can ya bar ki?"

Inna tana rawar sanyi cikin babbar rigar Yaya. Ta dubi ɗanta. Ta daɗe tana dubansa, shi kuma yana duban ƙasa. Sannan ta ɗaga hannunta mai lafiya ta nuna Auta.

"Ita ce. Ita ta ɗaure ni."

"Gyalenta ne ma," in ji Anti. "Dama tun jiya take cewa ta gaji."

Taron ya juyo kanta. Wani ya ce a kira 'yan sanda, wata ta tofa mata yawu a ƙafa, wani saurayi ya kawo waya dab da fuskarta yana cewa ta kalli nan, duniya ta gan ta. Yaya ya ɗaga hannu.

"Jama'a, ku yi haƙuri, ƙanwata ce. Yarinta ce da rashin sani. Ni zan kula da uwata."

Aka tafa masa. Aka raka shi har mota.

Motar ta bar titin bakin teku. Auta na baya, Inna jingine da kafaɗarta, ruwa na ɗiga daga su biyun a kan ledar da Anti ta shimfiɗa wa kujera.

"Ka san ruwan zai dawo," in ji Auta.

"Na manta ne."

"Shekara nawa kana garin nan?"

"Na ce na manta. Ki je ki faɗa wa wanda zai yarda." Ya dube ta ta madubi. "Kin dai gani da idonki, garin nan ba na tsofaffi ba ne. Wuni ɗaya, saura kaɗan mu rasa ta."

Ya karya kan motar hagu. Ba hanyar gida ba ce. Auta ta gane rumfunan, da 'yan kamasho masu kiran gari-gari, da dogayen motocin da ke jere. Tasha ce. Yaya ya fita ya buɗe but. Jakarta na ciki, da ta Inna, da jakar magunguna, an ɗaure su tsaf tun safe.

"Keken fa?" ta ce.

"Yana cikin teku, ke kika bar shi. In na samu sarari zan duba wani."

Ya yi magana da direban motar garinsu, ya fito da Inna ya zaunar da ita a kan benci, ya sumbaci goshinta, ya zare rigarsa daga kafaɗarta saboda ta jiƙe, ya ce Anti za ta ba wa mai wanki. Motarsa ta fita daga tashar kafin Auta ta gama tattara jakunkuna.

Ta goya Inna, ba takalmi, ta ratsa cikin masu talla har ƙofar motar. 'Yan kamasho suka taya ta ɗaga ta. Da ta zaunar da ita kusa da taga, ta ciro wayarta daga jaka ta kira shugabar makarantar. Ta ce ba za ta samu zuwa ba. Matar ta ce to, Allah ya kyauta, ta kashe tun Auta ba ta gama ba da haƙuri ba.

Mota ta tashi. Inna ta taɓa ta da gwiwar hannu.

"Ke. Kira Babana ki ce ya shafa man zafi. Ya shiga ruwan sanyi da ƙafa, kada mura ta kama shi."