Gaisuwa a Kan Hanyar Dutse

Da jikanyar Kiyono ta sauka lafiya, tsohuwar ta ce sai ta hau haikalin kan dutse ta yi godiya, ko da dusar ƙanƙara za ta kai mata ƙugu. 'Ya'yanta suka yi ta lallashi a bari sanyi ya wuce, ta ce alkawari ba ya jiran bazara. Ƙanwarta Sumie ce ta yarda ta raka ta, tana mita tun daga ƙofar gida.

Suka ƙunshe wainar shinkafa a ƙyalle, suka kama hanya tsakanin dogayen itatuwa. A wani tafkin ruwan zafi suka tarar da birai sun nutse har wuya, ido a lumshe, ƙanƙara ta yi musu hula. Sumie ta nuna wani tsohon biri mai jar fuska, ta rantse haka mijinta yake zama in ya shiga wanka. Kiyono ta yi dariya har da hawaye. Tururi ya rufe mata tabarau, ta cire ta jefa aljihu.

Can gaba hanya ta ƙuntace. Sumie ta tsaya gyara igiyar takalmi, Kiyono ta wuce ita kaɗai. Sai ta hango mutum a durƙushe bakin hanya cikin riga mai ruwan toka, irin wadda Dattijo Horiuchi mai kula da haikalin yake sawa. Ta sunkuya da ladabi ta gaishe shi. Ta tambayi sanyi, ta tambayi gwiwarsa da uwargidansa, ta ba shi labarin haihuwar tun daga naƙuda har sunan jaririya. Shi dai kallonta kawai yake yi, bakinsa na motsi. Abin ya sosa mata rai, don ba ta san shi da girman kai ba. Duk da haka ta kwance ƙyalle ta miƙa masa waina.

"Yaya, da wa kike magana?" in ji Sumie daga baya.

"Da Dattijo mana. Yau miskilanci yake ji."

"Sa tabaranki, 'yar tsohuwa."

Ta sa. Bunsurun dutse ne mai gajerun ƙahoni, yana tuƙa abinsa. Ya yi mata kallon ƙarshe, ya hura hanci, ya haye gangare ba gaggawa. Sumie ta zube cikin ƙanƙara tana riƙe ciki. Kiyono ta ja mata kunne, ta ce in maganar nan ta fita, babu ita babu ita.

A haikalin suka kaɗa ƙararrawa, suka tafa hannu, Kiyono ta daɗe a tsaye tana godiya. Dattijo Horiuchi ya shigar da su gefen garwashi, ya zuba musu kunun shinkafa mai zaƙi. Kafin kunun ya huce Sumie ta fasa ƙwai. Tsohon ya yi dariya har ya ƙware, sannan ya gyara zama.

"To, baiwar Allah, tunda wani ya cinye min rabona, sai a sake min gaisuwar daga farko."

Kiyono ta harari ƙanwarta, ta sake gaisuwar, ba ta rage komai ba. Ya ba ta 'yar laya ja a rataya wa jaririya. Da suka fito ƙanƙara ta fara sauka a hankali, suka gangara riƙe da hannun juna, suna gardamar wa yarinyar ta ɗebo a hanci.